Fuskar Katako

Ke Mini, wace irin tambaya ce wannan? Yarinya ta tsare kakarta sai ta ji yadda uwarta ta yi aure! To ku matso, sau ɗaya zan faɗa.

Kakanku Kunjunni ɗan wasan Katakali ne, wasanmu na gargajiya da ake ba da labari da rawa. Tun la'asar ake zana masa fuska da koren launi da ƙullun shinkafa, ya sa ƙwayar wani tsiro a ido ya yi jawur, sannan ya tsaya gaban fitilar man kwakwa. Ba ya furta kalma. Gira da kunci da yatsu ke ba da labarin.

Sai ga Sukumaran, malamin kwaleji, yana son uwarku Sarojini. Ranar gaisuwa, maimakon ya sha shayinsa ya yi shiru, sai ya kama zuba labarin Girkawa da Rumawan dā. Wai da rana tsaka suke wasansu, kowa sanye da fuskar aro don na can baya ya gane sarki da bawa. Wai Girkawa ko kisa ba sa nunawa, sai wani ya shigo ya faɗa.

Kakanku ya dire kofi. "Mai yabon masu ɓoye fuska ba zai auri 'yata ba. Tashi."

Sarojini ta yi kuka har ta rame. Na ce mata hawaye ba ya dafa shinkafa, ta yi haƙuri. Ta ƙi kula kowa, kakanku ma haka.

Ana nan sai ciwo ya shanye wa kakanku rabin fuska. Girar da ke ciyar da mu ta tsaya cak. Ya daina fita.

Sukumaran ya zo, ya cire takalmi, ya ajiye fuskar katako ta wani tsohon sarki, ya ce ɗalibansa za su yi wasan Girkawa, suna neman mai sa ta.

"Baba, fuska ce ta tafi. Hannu da ƙafa suna nan, kuma duk yankin nan babu irinsu."

Tsohon ya kira shi mara kunya. Ni kuwa na ɗauki abin na kifa masa a fuska, na ce rumbu ya kusa ƙasa, girman kai kuma ba ya shiga tukunya.

A filin kwaleji ya yi wasan, da rana tsaka, yatsunsa kaɗai suka sa mutane hawaye. Da ya sauko, ta cikin katakon ya ce a sa ranar aure. Ya ƙi cirewa, kada surukinsa ya ga yana kuka.

Mai haƙuri ba ya taɓewa, kuma kada ku raina kayan aikin wani don ba irin naku ba ne. Yanzu kowa ya wanke ƙafa ya hau tabarma. Mini, har da ke.