Gurbin Sunan Ango

Lauratu na cikin karanta takardar sunayen da aka miƙo mata, sai ta tsaya cak.

"Lafiya, Hajjaju?"

Ugonna ne ya tambaya daga bayan gilashi, hannunsa a kan na'ura. Haifaffen Funtua ne, kuma shekara uku ke nan a situdiyonsa take rera duk waƙoƙinta.

Aikin yau ba baƙo ba ne. Waƙar biki ce irin ta oda, a turo sunan amarya da na ango da na iyaye, mawaƙiya ta jera su cikin kiɗa.

Amarya, Maijidda.

Gari, Kafur, gidan Alhaji Ummaru mai masara.

Ango...

Mahadi.

Mahadin da ya shekara biyu yana sallama a ƙofar gidansu. Wanda mahaifiyarsa, Hajiya Adama, ta rantse ba za ta haɗa zuri'a da mawaƙiya ba, don a cewarta mawaƙa ba su da kunya, ga kuma Maijidda 'yar ƙaninta a gida. Shi ya ce mata, "Ki yi haƙuri, sanyin idona, zuwa bayan girbi." Ya tafi gonarsu ta Gozaki, yau kwana goma sha biyu, wayarsa ba ta shiga.

Ashe girbin ke nan.

Da Ugonna ya gane abin da ke faruwa, sai ya ce su mayar da aikin, ta waya aka turo shi, bai ma san fuskar mai shi ba. Lauratu ta share ido da bakin mayafi, ta ce an riga an ce ba ta da kunya, ba za ta bari a ƙara da cewa ba ta cika alkawari ba. Ya saki kiɗa.

Ta yabi amarya, ta yabi Kafur, ta yabi gidan Alhaji Ummaru. Ta iso baitin da ya fi kowanne.

"Amarya Maijidda, ga angonki..."

Sai shiru.

Kiɗa ya wuce shi kaɗai, bugu huɗu, babu murya.

Tun ranar da ta amsa masa, bakinta bai sake kama sunansa ba. "Mai gona" take ce masa, ko ta ce "shi". Haka ta taso ta ga uwarta na yi wa babanta, kuma ba wanda ya ce mata ta yi, bakin ne ya ƙi da kansa. Sau biyar suna maimaita baitin, sau biyar tana tsayawa a wuri guda. A na shida Ugonna ya kashe na'ura ya ce a bar shi haka, kafin ta faɗi ƙasa.

Masu oda sun yi faɗa da suka ji babu sunan ango, amma a ranar suka watsa waƙar a wayoyi.

Abin da ya biyo baya ya ba kowa mamaki. Makon farko ta zo ta tara a jerin waƙoƙin mako na gidajen rediyo. Mako na uku ta hau ta ɗaya daga Katsina har Kaduna da Kano, ta ƙi sauka. 'Yan mata suka riƙa ɗaukar kansu a waya, in an zo gurbin kowace ta faɗi sunan nata. 'Yan jarida suka ce sabon salo ne Lauratu ta ƙirƙiro.

Ita kuwa tana Tsiga gidan gwaggonta, ta cire layin wayarta ta jefa cikin kwalla, ba ta ci sai an tsaya a kanta.

Ni da nake goyon 'ya mace, da tawa ce, da na ce mata ta ci abinci, sannan ta nemi mutumin ta tambaye shi baki da baki. Takarda ba ta ɗaura aure. Amma wanda zuciyarsa ta karye ba ya jin irin wannan shawara.

Ran wata Talata da hantsi aka yi sallama da ita. Ta leƙa zaure, sai ga mai gona, ya rame, hularsa duk ƙaiƙayin masara.

"Amarya ba ta kula da kai ne?" ta ce.

"Wace amarya? Ina loda buhu a Gozaki na ji a rediyon motar Rabe direba wai aure zan yi. Kuma ke ce mai shelar!"



Ya ce ba a kai goro ba, ba a sa rana ba, babu ma wanda ya yi maganar. Maijidda ce ta shirya komai, don gari ya ɗauka har iyaye su ji nauyin ƙaryatawa, ita kuma Lauratu ta janye da bakinta. Sati biyar yana yawo tsakanin Funtua da Malumfashi yana neman ta, sai jiya Ugonna ya tausaya masa, ya gaya masa inda take.

"Kenan... da muryata na aurar da kai?"

"Saura kaɗan, zuciyata. Tashi ki shirya, Hajiya ce ta aiko ni."

Wannan ya fi na farko girgiza ta.

Bayan la'asar suka isa Kafur. Hajiya Adama na zaune kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, Maijidda na gefe idonta jawur. Aka ce shi ya tsaya a zaure. Lauratu ta durƙusa ta gaishe ta, Hajiya ta amsa ba ta ɗago ba, ta danna wayar da ke cinyarta. Waƙar ta tashi har ta zo gurbin, ta tsayar.

"A nan, mantuwa kika yi?"

"A'a, Hajiya."

"An ce salo ne."

"Ba salo ba ne."

"To faɗa mini sunan da aka rubuta miki."

Lauratu ta buɗe baki. Ta san in ta yi gardama ta rasa shi, ta kuma san wannan ce damar da ba za a sake ba ta ba. Leɓenta ya motsa, ba abin da ya fito. Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan tabarma.

"Gwaggo, Mahadi fa, Mahadi kawai za ta ce," Maijidda ta yi caraf. "Wannan duk iyayi ne irin nasu."

Sai a lokacin Hajiya ta ɗago. Ta daɗe tana kallon 'yar ƙaninta kamar yau ta fara ganin ta.

Ta ce shi ne ɗanta na fari, shekara talatin da ɗaya bakinta bai taɓa kama sunansa ba, balle na ubansa. Ta ce ta yi wata guda tana jin waƙar nan a ɗakin kowace yarinya, ita ba kiɗan take saurare ba, wurin shirun take jira.

Ta juyo wajen Lauratu. "Na ce ba ki da kunya ban taɓa ganin ki ba. Duniya guda na sauraren ki, an yi miki abin da aka yi miki, kika kasa. Wannan kuma a gabana take jefa sunan kamar tana kiran kaji."

Maijidda ta tashi ta shige ɗaki.

Lauratu ta tattaro ƙarfin hali ta tambaya a hankali, waƙar fa? Hajiya ta ce wannan tsakaninta ne da mijinta, ita dai kar ta ji an ce surukarta ta kwana a wani gari babu muharrami. Ran Juma'a za a kai goro Funtua, gidan su Lauratu.

Mijinta...

Lauratu ta rufe fuska da tafukanta.

Hajiya ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga zaninta, ta juya wajen zaure.

"Kai, wanda ke laɓe, shigo. Yanzu mun zama mu biyu da ba za mu kira ka ba, sai ka koyi zuwa da kanka."