Rufe Tagar Baba

Faɗa ne ya fara haɗa su. Auta ta wanke zannuwan gado ta shanya, sai ƙurar taki daga gonar da ke jikin katangarsu ta mayar da su ruwan ƙasa. Ta taka bokiti ta leƙa, ta ga ɗan mai gonar riƙe da shebur.

"Malam, ba ku san da mutane a nan ba ne?"

Ya dube ta har shebur ya kusa suɓuce masa. "Yi haƙuri, Maƙwabciya. Ba ni lambarki, kafin mu taɓa taki ko feshi zan riƙa sanar da ke."

Ji wayo! Amma ta bayar.

Gidan nasu kuwa kurkuku ne. Baba na fama da asma, shekara shida yana tsine wa gonar: warin kaji, ƙudaje, ƙarar injin ban ruwa. Sun sa gidan a kasuwa, duk wanda ya zo ya shaƙi iskar sai ya ce zai dawo. Tagogin ɓangaren gona Baba ya buga musu ƙusa, ta ɗakinsa kawai ya bari. Tun rasuwar Mama, Auta ce jinya, ita ce girki. Daga kicin sai ɗakin Baba, daga ɗakin Baba sai kemis.

Saƙon farko ya ce: "Kwashe shanya, Maƙwabciya." Bayan wata biyu ya koma: "Kwashe shanya, Maƙwabciyar zuciyata. Na yi kewar faɗanki."

"Sarkin Taki, je ka yi wanka tukuna," ta mayar masa, tana dariya ita kaɗai.

Ranar da ɗan mai gonar ya zo wa Baba da maganar aure, ko wurin zama ba a nuna masa ba.

"Masu kashe ni da wari zan ba 'yata? Ga mai kemis nan yana sonki, yaro tsaf-tsaf. Maganinsa ne ma ya sa bana ƙirjina ya lafa." Ya karɓe wayarta ya jefa a aljihu.

Kwana uku Auta na jin muryar masoyinta a bayan katanga yana magana da ma'aikata. Taku goma ne tsakaninsu, ba ta da hanyar ce masa ko sannu. Ta yi kuka har ta gode Allah.

Rana ta huɗu da hantsi wayar ta yi ƙara. Baba ya sa tabarau yana huci, ya buɗe saƙon.

"Ko kin daina amsa ni, don Allah rufe tagar Baba. Iska ta juyo gidanku, yau kuma feshin ba ya ɗaguwa."

Baba ya sake karantawa. Ya ja saƙonnin baya, yana tsallake na soyayya da tsaki. "Rufe tagar Baba." "Na ɗaga feshi zuwa jibi, iska na wajenku." "Yaya ƙirjin Baba?" Haka har shekara guda.

Ya tashi da kansa ya rufe tagar, ya daɗe tsaye a gabanta.

"Auta, ashe ba maganin ba ne." Ya miƙa mata wayar. "Kira min mai warin nan."

Sharaɗi ɗaya ya kafa kafin ya ba da auren: a fasa ƙofa a katanga, don ba zai iya nisa da autarsa ba. Kafin sati, ango ya fasa ta da hannunsa.

Washegarin ɗaurin aure, saƙo ya shigo wayar Baba: "Buɗe taga, Baba. Iska na wajenmu."

Baba ya tura sabuwar ƙofar ya ɗaga murya. "Kai, Sarkin Taki! Zo da guduma ka cire min ƙusoshin nan. Allah Ya yi muku albarka, kai da ita."

Auta ta riga mijinta zuwa da gudumar.