Jirgin Ƙarshe Kafin Hunturu

Iska ce ta haɗa su. Ta fizge balan-balan ɗin auna yanayi daga hannun Merrin, ta bi shi da gudu, santsin ƙanƙara ya kwashe ta, sai ji ta yi an cafke ta.

"'Yammata, ke ake aikawa sama ko balan-balan?"

Tevita ne, makaniken tasharsu ta bincike a Antaktika, nahiyar ƙanƙara, ɗan tsibirin Tonga.

"Sake ni, sarkin baƙin mai," ta ce, tana ɓoye dariya.

Tun ranar Merrin ta kasa zama wuri ɗaya. Ta leƙa gareji neman abin da bai ɓata ba, ta koma ofis, ta sake fitowa. Saƙonsa kan same ta a hanya: "Tsuntsuwata, shayinki na hucewa a kan janareta."

Da ta gaya wa mahaifiyarta da ke garinsu Hobart ta waya, amsar ba ta yi daɗi ba: "Ƙuruciyata ta ƙare a jiran jirgin ruwan babanki. Ban yarda ki auri irin wannan jiran ba."

Ana cikin haka ta lura kullum Tevita na shiga ɗakin Odette, likitar tashar, a rufo ƙofa. Ga jirgin ruwa na ƙarshe kafin hunturu ya iso. Ita Merrin tafiya za ta yi, shi da likitar kuwa a nan hunturu zai rufe su. Abinci ya daina shigar mata.

Ranar tafiya ta tare shi a gareji.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, kai da likitarka."

Ya zare safar hannunsa. Tafinsa naɗe yake da bandeji.

"Ƙuna ce, ita take wanke min. Garin narka wannan na samu."

Ya ciro wani abu daga aljihu. Zoben tagulla ne, ɗan karkatacce.

"Mugu! Ka bar ni ina ta ramewa?" Ta fashe da kuka, ta miƙa masa yatsa, jirgi na ta busa.

Hunturun ya yi mata tsawo a Hobart. Guguwa kan katse layi, ta yi ta safa da marwa a falo, waya a hannu. Rannan ta shigo ta tarar mahaifiyarta ce riƙe da wayar, muryar Tevita na fita da ƙyar.

"Mama, wannan ne hunturuna na ƙarshe. Na samu aikin gyaran jirage a tashar ruwan garinku."

Tsohuwar ta matso da wayar kusa da bakinta.

"To ka dawo da yatsunka cif, ɗana."

Da bazara aka ɗaura auren a bakin teku. Dangin ango suka zo da tabarmi da gasasshiyar doya, suna waƙa. Mahaifiyar Merrin ta haɗa hannayensu cikin nata.

"Allah ya yi muku albarka. Ku riƙa kwana gida ɗaya, shi ke nan roƙona."