Hula a Kan Makunni

Ana idar da sallar azahar aka bugo waya ofishin Sufeto Mahir: bel ya kashe mutum a wani rumbun alkama da ke bakin Nilu, kudu da unguwar Maadi a Alƙahira. Mahir ba mai son gaggawa ba ne, amma ranar ko shayinsa bai ƙarasa ba.

Bel ɗin dogo ne, yana kwasar alkama daga jirgin ruwa ya hau da ita har ƙolin rumbu. An rufe shi ruf da ƙarfe tun daga ƙasa har sama, don kada ƙura ta fita ko tsuntsu ya shiga. Daga waje rugugi kawai ake ji. A can ƙoli aka zaro gawar Hamad, wani lebura, bayan ta toshe mafitar alkamar har injin ya tsaya da kansa. Abin ba kyan gani. Kurtun da ya fara hawa sai da ya yi amai.

A ƙasa, kusa da mazurarin da ake zuba alkama, wani dattijo na zaune dirshan da ankwa a hannu. Shi ne Bakri, mai kula da makunnin bel. Manajan wurin na tsaye a kansa yana ta zuba.

"Sakaci ne, ya basha, ranka ya daɗe. Ya kunna da mutum a ciki. Ku tafi da shi mu ci gaba da aiki, jirgi na jira."

"Jirgin ya jira," in ji Mahir. "Duk wanda ya taɓa makunnin nan, tare za su kwana da tsohon."

Leburorin wurin yawancinsu Hausawan Sudan ne da yaƙi ya koro. Bakri ya san abin da ke gabansa sarai: kurkuku, daga nan a tasa ƙeyarsa zuwa inda ya gudo, a bar 'ya'yansa mata su kaɗai a Alƙahira.

Mahir ya tsugunna gabansa. "Kai ka kunna?"

"Ni ne."

"Ka san da mutum a ciki?"

"Wallahi tallahi ban sani ba. Babu hula."

"Wace hula?"

Bakri ya nuna makunnin da haɓa. "Mun roƙi kwaɗon kulle shi har mun gaji, ba a ba mu ba. Shi ya sa duk wanda zai shiga ciki ya kankare alkamar da ta daskare, sai ya rataya hularsa a nan. In da hula, ko mai kamfani ne ya ce kunna, ba a kunnawa. Na dawo daga salla, na duba, wayam. Na yi bismilla na danna."

"Ko dai ya manta?"

"Hamad? Ai shi ya kawo mana tsarin."

Mahir ya tambayi wanda ya ga mamacin na ƙarshe. Wani dogo mai suna Tarig ya matso, idanunsa jawur. Shi ne abokin aikin Hamad, wanda ke tsaya masa a bakin ƙofa in ya shiga.

"Ta wace ƙofa ya shiga?"

Tarig ya nuna wani murfi can sama, dab da ƙolin rumbu.

"Kai kana ina?"

"Ya ce in je in yi salla, ba zai daɗe ba. Ya basha, tsautsayi ne. Da idona na gan shi ya shiga da hular a kansa. Ban kawo komai a raina ba sai yanzu." Ya juya wajen Bakri ya ce da Hausa, "Ma'alish, ka yi haƙuri, Baffa. Ƙaddara ce."

Magana ta yi daɗi ga kowa. Mamaci ya ɗauki laifinsa, manaja ya samu bel ɗinsa. Amma Mahir ya koma wajen gawar ya ɗaga mayafin. Kai babu hula. Ya sa aka tona alkamar da ke mafita, aka tankaɗe ta. Babu.

"Wataƙila tana ciki," in ji Tarig. "A kunna kaɗan, za ta fito."

Mahir ya daɗe yana kallonsa. Ya ajiye kurtu a bakin makunni, ya shiga mota.

Gidan Hamad ɗaki ɗaya ne a saman wani tsohon bene a Hadayek el-Maadi. Mata sun cika matakala suna salati. Matarsa Amna ta fito da jariri a kafaɗa, hawayen ma sun ƙafe.

"Mijinki mai mantuwa ne?"

"Zai manta karin kumallo, amma ba zai manta hular nan ba. Ni na saƙa ta, fara mai jan baki. Kullum zai fita sai ya ce, Amna, raina ne wannan."

"Yana da abokin gaba?"

Ta gyara wa jaririn kwanciya. "Kwanan nan ba ya cin abinci. A garinmu, ranar da 'yan bindiga suka shigo unguwa, akwai wani da ya rufe fuska yana nuna musu gidaje. Shi ya kira mahaifin Hamad da Hausa, ya ce fito, ba abin da zai same ka. Tsohon ya fito, suka harbe shi a ƙofar gida. Hamad na kan rufi yana ji. Makon jiya ya ce mini ya sake jin muryar nan a wurin aiki."

"Ya faɗi suna?"

"Ya ce sai Juma'a, a gaban dattawanmu."

Kafin la'asar ta yi sanyi Mahir ya dawo rumbun. Ya sa aka kawo sifana, aka fara kwance murafen bel ɗin ɗaya bayan ɗaya, daga sama zuwa ƙasa. Manaja na ta huci, Mahir ko a jikinsa. Aka wuce ƙofar da Hamad ya shiga. Aka wuce tsakiya. Leburori sun yi cirko-cirko.

Can ƙasa sosai wani kurtu ya ɗaga hannu. Farar hula mai jan baki na kwance kan alkama.

Mahir ya karɓa ya kaɗe ta, ya sa aka kawo Tarig.

"Bel ɗin nan yana komawa baya?"

"A'a, ya basha."

"Akwai inda abu zai faɗa ciki a hanya?"

"A rufe yake."

"To mutum ya shiga can sama da hula a kansa, bel na hawa. Yaya aka yi hular ta dawo nan ƙasa?"

Tarig ya dubi hular da ke hannun Mahir.

"Bari in taya ka," in ji Mahir. "Ya rataya hularsa kamar kullum. Ka jira kowa ya tafi salla, ka cire ta, ka jefa a mazurari. Lissafinka shi ne bel zai kai ta sama a tsince ta tare da gawa, a ce mantuwa ce. Sai injin ya tsaya tun ba ta yi nisa ba. Shi ya sa ka ce a kunna."

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Tarig ya zauna a ƙasa.

"Khalas, shi ke nan," ya ce a hankali. "Ni ne. Shekara guda muna aiki bai gane ni ba. Rannan alkama ta rufto masa a ciki, na leƙa na ce, fito, ba abin da zai same ka. A cikin ƙarfen nan ba a ganin fuska, murya kawai ake ji. Da ya fito, kallon da ya yi mini ya ishe ni. Na san Juma'a ta zo, tawa ta ƙare."

"Sai ka ari hannun tsoho."

"Ni ban kunna ba."

"Allah ya isa!" wani daga cikin leburorin ya daka tsawa. Sai da kurata suka yi da gaske kafin suka kai Tarig mota da ransa. Ankwar da aka cire daga hannun Bakri ita aka sa masa.

Mahir ya dafa kafaɗar dattijon. "Tashi ka je gida wajen 'ya'yanka. Ba ka da laifi."

Bakri bai yi murna ba. Ya tsaya yana duban tafin hannunsa na dama.

"Na yi bismilla fa, ya basha," ya ce. "Na yi bismilla na danna."

Manaja ya matso yana duba agogo. "Yalla, Bakri, an gama. Kunna mana, jirgi na jira."

Bakri ya dubi makunnin, ya ɗaga kai ya dubi ƙolin rumbu. Ya cire hularsa ya rataya a kai, ya fita ta ƙofar kamfanin da kai a buɗe. Duk cikin leburorin ba wanda ya miƙa hannu ya cire ta.