Ƙafafun Maryamu

Ranar bikin Maryamu, waliyyar cocinsu, Clifford ya taya ɗaukar mutum-mutuminta ana zagaya unguwa, yana ta tsaki. Tsofaffi kuwa sai shafa ƙafafunta suke, har fentin ya goge.

"Siminti fa kuke gaisarwa!" in ji shi.

Da dare, a hanyar Jisonayili, wata mata mai shuɗin mayafi ta tsayar da babur ɗinsa. Tana hawa, tayar baya ta lotse. Ƙamshin kyandir ya cika masa hanci.

"Kai, Mma, duwatsu kika ci?"

"Ai ɗazu ma kai ka ɗauke ni, ɗana. Gaisuwa ce kawai ka hana ni."

Ya kalli ƙasa. Yatsun ƙafarta farare fat, fentin duk ya goge.