Igiyar da Ibiso Bai Ja Ba

Da hantsi jirgi mai saukar ungulu ya faɗa teku a hanyar rijiyar mai. Mutum tara ne a ciki, takwas suka fito. Na taran, Ibiso Dappa, sai masu nutso ne suka zaro gawarsa, rigar ceto ta kumbura ta manne shi a cikin jirgin.

Kamfani kuwa, ko kunya babu, ya ce tsoro ne ya sa Ibiso ya ja igiyar rigar tun bai fita ta taga ba.

Matarsa ta tsare Sufeto Belema Iyalla a ofishinsa na 'yan sanda a Fatakwal.

"Oga, shekara sha bakwai yana koya wa mutane kada su ja igiya a cikin jirgi. Yau shi ne matsoraci? Haka zan faɗa wa 'ya'yansa?"

"Madam, ba ni kwana biyu."

Sufeto ba mai yawan surutu ba ne. Ya juya rigar, ya ga igiyar na nan a maƙale, ba a taɓa ta ba. Ya kai wa matuƙin jirgin a gadon asibiti.

"Kai! Wannan ai ta kwalekwale ce," in ji matuƙin. "Tana shan ruwa take kumbura da kanta. Wa ya shigo mini da ita?"

Mai raba riguna, Nsikak, ya rantse har da taɓa harshe.

"Tara na bayar, Oga, duk na jirgin sama."

Ƙarya fure take. Sufeto ya bi diddigin dangin Nsikak. Washegari ya dawo daga bakin ruwa, ya ajiye wata riga a kan tebur a gaban Nsikak, da lambar kamfani ɓaro-ɓaro.

"Tsohonka na gaishe ka. A jikinsa na same ta, yana jan taru."

Nsikak ya zube a kan benci.

"Baba ya tsufa, iyo ya gagare shi, na kai masa mai kyau. Da aka zo tashi ɗaya ta kasa, na cike da ta kwalekwale. Na ce riga ai riga ce."

"Shekara nawa kana aikin nan?"

"Shida."

"To ka sani. Miƙo hannu."

Aka buga masa ankwa aka wuce da shi. Matar Ibiso na tsaye a baranda.

"Madam," in ji Sufeto, "je ki faɗa wa yaran. Bai ja ba."