Takalman da Aka Bari a Ƙofa

Ana sallame Azahar labari ya iso komisariyar 'yan sanda ta Tasawa: an kashe mai kula da ordinatoci, wato kwamfutocin wata makarantar koyon jinya, kuma ɗalibai sun rufe gardi, tsohon mai gadin makarantar, da duka.

Insfekta Ishaƙu ya tarar da tsohon, Bawa, kwance cikin rairayi, bakinsa ya fashe, wani har ya ɗaga bulo zai sauke masa a ka. Ishaƙu ya kutsa ya tare, bulon ya same shi a kafaɗa. Haka ya ja Bawa ya kulle a mota, ana dukan gilashi ana cewa a ba su shi. Hujjarsu ɗaya ce, jini a rigarsa. Ishaƙu ya san in bai fito da mai laifin ba, ko an saki tsohon nan ba zai ƙara kwana lafiya a garin ba.

Ya nufi ɗakin ordinatoci. Zai sa ƙafa ke nan sakatariyar makarantar, Mardiya, ta ce, "Ranka shi daɗe, takalmi." Sai ta ji abin da ta faɗa, ta fashe da kuka.

"Wane takalmi?"

"Dokar Abdulmumin ce. Ya ce rairai ke kashe mashi injuna. Ko direkta sai ya tuɓe a ƙohwa."

Abdulmumin na kife gaban teburinsa, ƙeyarsa a rotse. A gefensa ga batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, gashi da jini manne a kusurwarsa. Cikin jinin akwai sawu iri biyu: na ƙafa tsirara, yatsu a baje, sai na ƙaton takalmi da ya taka a kansa. A kan teburin wata ƙaramar ordinatar na kunne, babu komai a cikinta.

A bakin ƙofa kuwa ga silifa na roba, manya, an ɗaure igiyar ɗaya da waya.

"Na mamacin ne?"

"A'a. Nashi na hwata ne, jajaye. Ƙahwarshi ƙarama ce, har tsiya muke mashi."

Jajayen ba sa nan.

Insfekta ya koma mota. "Baba, mi ya kai jini rigarka?"

"Ɗaga shi na yi, yallaɓai. Na dawo masallaci na iske ƙohwa buɗe. Na hwaɗa da takalmina, ban ji ya yi mani hwaɗa ba. Nan na san babu rai."

Ishaƙu ya dubi ƙafar tsohon, takalmin soja ne na gwanjo, igiya ɗaure tam. Tausayi ya kama shi, da haushin yaran da ake koya wa ɗinke rauni suka zo suna fasa bakin sa'an kakansu.

"Ordinatar ɗin kan tebur ta wa ce?" ya tambayi Mardiya da ya koma ɗakin.

"Ta Salisu, ɗan garin Isawan, ɗan ajin ƙarshe. Gobe zai kare memuwar ɗinshi, kundin gama karatu, gaban malamai. Ta kamu da birus, ya kawo ta da sahe."

"Mi marigayin ke yi wa mai birus?"

"Formate. Shi maganin kowace cuta ke nan wurinshi, ya share komi ya sake zubawa."

A lokacin ɗan sandan da ya laluba gawar ya miƙa wa Insfekta abin da ya samu a aljihun gaba. Ishaƙu ya duba, ya rufe hannunsa a kai.

Ya sa aka zaunar da ɗaliban ƙarƙashin itacen bedi, kowa ya miƙe ƙafa. Suka yi ta gunaguni. Bai kalli fuskar kowa ba, ƙasa yake bi da ido, har ya tsaya kan wani dogo da diddigensa ya zarce jan takalmin fata. Shi ne mai bulon ɗazu.

"Sunanka?"

"Salisu."

"Ina kake da Azahar?"

"Masallaci."

"Wanga takalmi naka ne?"

"Musanya aka yi mani a masallaci. Na hito ban ga nawa ba, na sa wanda na samu."

"To naka da kansu suka tako har ƙohwar Abdulmumin suka tsaya jiranka?"

Salisu ya zabura zai ruga. 'Yan sanda suka kayar da shi, haɓarsa ta daki ƙasa, aka murɗe hannunsa aka sa ankwa. Da aka zare takalmin, ga jini ya bushe a tsakanin yatsunsa. Sabo ya sa ya tuɓe nasa a ƙofa, da zai gudu kuma ya zura na mamacin.

Ɗaliban da suka taya shi dukan Bawa suka ja da baya.

"Ya share mani komi!" Salisu ya ce da kuka. "Duk likitocin ƙauyen Mayahi da na bi a ƙahwa, duk abin da na rubuta. Na buɗe na ga wayam. Baba ya riga ya gayyato dangi. Idona ya ruhe."

"Mi ya ce maka?"

"Ya yi dariya. Ya ce, 'Tsaya mana,' ya juya yana laluben aljihu. Dariyar ce ban iya ɗauka ba."

Insfekta ya buɗe tafinsa. Ɗan kile ne na adana aiki, an naɗa masa farar salatif, an rubuta *Salisu* da biro. Ya sa Mardiya ta ɗauko ordinatar ɗin, ta soka shi. Memuwar ɗin ta buɗe tun daga shafin farko, inda ya gode wa mahaifinsa, har ƙarshe.

"Sai da ya kwashe maka kahin ya share," in ji Ishaƙu. "Shi yake laluba."

Salisu ya ƙura wa allon ido, sannan ya shiga buga goshinsa a ƙasa har sai da aka riƙe shi.

Aka buɗe mota Bawa ya sauko, ba wanda ya iya haɗa ido da shi. Silifan da jajayen takalman duk an zuba su a leda, shaida ce. Haka Salisu ya taka rairayin rana zuwa motar, ba komai a ƙafarsa.